Anar, faifan Mdou Moctar na farko: me aka ɗauka a Sakkwato a 2008?

Bala Mai Jita:
Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta kwana biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na kawo ta nan. Jiya bayan isha'i wani yaro da nake koya wa jita ya shigo da wayarsa jiki na rawa, wai ya gano gwanin da bai taɓa ganin irinsa ba. Ya nuna mini Mdou Moctar, Ba'abzinen nan mai jita ɗan Nijar, a kan dandamali a Amurka, da rawaninsa, farar jita ƙirar Fender a rataye ta hagu, yatsu na ta gudu a wuyan jitar. Na ce masa, ka san inda mutumin nan ya ɗauki faifansa na farko? Ya ce ƙila Faransa. Na ce Sakkwato. Bai yarda ba sai da na kunna masa Anar. Ko minti ɗaya bai yi yana saurare ba ya ce, "Malam, ai wannan waƙar fim ce."

A 2008 aka ɗauki Anar a Sakkwato. Jita ce, da ganga ta inji, murya kuma an ratsa ta cikin Auto-Tune kamar yadda ake yi wa waƙoƙinmu na nanaye. Ba a buga shi an kai kasuwa ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya ta bulutut da memori har ya isa Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙar Tahoultine a wayoyin mutanen Kidal, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Shi kansa Anar sai a 2014 aka buga shi a faifan garmaho.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu son jita a cikinmu suna tsallake faifan nan kamar wani abin kunya, sai su fara lissafi daga faifansa na 2019. Ni ban yarda ba. Duk abin da ya sa duniya ke tsayawa ta saurari mutumin nan yau yana cikin Anar, kuma da kunnenmu aka gina shi. Ina son jin ra'ayinku.

Ɗan Rok:
Malam Bala, da girmamawa, amma a nan mun raba hanya. Idan aka ce faifan farko na gwanin jitar rok, akwai abin da ake nufi. Ɗauki Yngwie Malmsteen, ɗan Suwidin. Ya bar ƙungiyar Alcatrazz, ya fitar da Rising Force a 1984, kusan duka kiɗa ne ba waƙa, tun daga farko har ƙarshe jitar ce ke magana, har aka sa shi cikin masu takarar lambar yabon kiɗa ta Grammy. A shekarar nan dai Steve Vai ya fitar da Flex-Able, wanda ya ɗauka da kansa a gidansa bayan ya yi aiki da Frank Zappa. Jason Becker bai kai shekara 20 ba ya fitar da Perpetual Burn a 1988. Kowanne cikinsu ya fito ne ya ce wa duniya ga hannuna, ku gani.

Yanzu ka kunna Anar ka faɗa mini ina hannun yake. Jitar tana can baya tana rakiya, inji ya rufe murya, ganga ba ta numfashi. Ban ce ba daɗi ba. Amma ba faifan jita ba ne, balle na rok. A wurina faifan Mdou na farko a matsayin gwanin jita shi ne Ilana da aka ɗauka a Detroit ta Amurka, aka fitar a 2019, da cikakkiyar ƙungiya, da mai ganga na gaske. Anar share fage ne.

Basakkwace:
Kai yaro, share fage ka ce? Bari in hwaɗa maka abin da idona yag gani. Ni nan shekara huɗu na yi ina turin waƙa bakin tasha, hanyar Illela, da 'yar kwamfuta guda da janareta ƙarami. Direbobin Ƙwanni, 'yan ci-rani, masu gadi, kowa na kawo memori a cika mai. Waɗanga waƙoƙi ba mu san sunan mai su ba ko kaɗan. Wani mutum yak kawo su cikin wata tsohuwar Nokia da anka ɗaure da kyauron roba, munka kwahe, na buɗe folda na rubuta "waƙar Buzaye". Shi ke nan. Kahin wata guda ita anka hi tambaya bayan waƙoƙin fim.

Abin da ban mancewa, wani dattijo mai gadin shago kusa da mu, kullum da magariba shina dahwa shayi bisa ɗan murhun waya. In ya kunna wagga waƙa sai ya jehwa wayar cikin kohin silba don sauti shi ƙaru, shi zauna shiru har ta ƙare, shi sake. Bai san Detroit ba, bai san Fender ba. Kuma Hausawan da ka tsayawa saurare ba su jin ko kalma guda ta harshen. Abin da yaj jawo su shi ne sun ji murya irin wadda sunka saba ji, amma da wani kaɗaici da ba su saba ji ba. In wanga share fage ne, to fagen ya hi wasan girma.

Maman Halifa:
Ku yi haƙuri da ni, ni sabuwa ce a nan. Shi wannan Auto-Tune ɗin da kuke ta ambata, shi ne abin da ke sa muryar mawaƙan fim ta riƙa karkarwa kamar ana magana ta cikin fanka? Kuma gaskiya ne wanda bai iya waƙa ba shi ke amfani da shi?

Injiniyan Sauti:
Hajiya, shi ne. Amma maganar ta biyu ba haka take ba, kuma tunda sana'ata ce bari in ɗan yi bayani. Manhaja ce da kamfanin Antares ya fitar a 1997. Aikinta, idan murya ta ɗan kauce daga inda ya kamata ta sauka, sai ta jawo ta zuwa mataki mafi kusa. In ka bar ta ta yi a hankali, ba wanda zai san an taɓa. In ka murɗa saurinta zuwa ƙarshe, sai muryar ta daina zamewa daga mataki zuwa mataki, ta koma tsalle. Wannan tsallen shi ne karkarwar da kike ji. Mu kuwa waƙarmu cike take da lanƙwasa murya a kan gaɓa ɗaya, don haka abin ya fi fitowa a bakinmu fiye da bakin Bature. Wanda bai iya waƙa ba, in ka sa masa, ɓarnar ce za ta fito fili.

Ɗan Rok, ga abin da ka manta. Kowane mai haɗa sauti yana haɗawa ne don inda za a saurara. Malmsteen ya haɗa don manyan lasifikoki da falon mai kuɗi. Wanda ya zauna gaban kwamfuta a Sakkwato a 2008 ya san inda aikinsa zai ƙare: lasifikar waya da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, cikin hayaniyar tasha. Irin wannan lasifikar ba ta fitar da sauti mai kauri kwata-kwata. Ka sa mata jitar lantarki mai ruri, sai ka ji kamar ana yaga leda. Abin da ke ratsa ta shi ne siririyar murya mai kaifi da bugun ganga mai tsafta. Da an ɗauki Anar irin yadda kake so, da bai wuce waya uku ba. Da bai kai Kidal ba, da Kirkley bai ji ba, da ba a je Detroit ba.

Ɗan Rok:
Yallaɓai Injiniya, na karɓi wannan, kuma ban taɓa tunanin lasifikar ba. Amma ka lura, abin da ka tabbatar shi ne faifan ya yi amfani. Ni tambayata ita ce ko ya nuna gwaninta. Jirgin da ya kai ka Makka ba shi ne aikin Hajjin ba.

'Yar Agadas:
Sannunku da hira. Da farko, yayana Basakkwace, ba faɗa ba ne, amma da yawa cikin mutanenmu ba sa son kalmar nan da ka rubuta a folda, don tana da tarihi mai nauyi. Abzinawa ya fi, harshen kuma Tamashek.

Sai kai ƙanena Ɗan Rok. Kana magana kamar gwanintar ba ta nan sai da aka je Amurka. Ka taɓa zuwa biki a Agadas? Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a fili, a ja janareta can nesa don ƙararsa, a ajiye lasifika a kan rairayi, ƙura ta riga ta cika ta. Mata a zaune gefe guda da lulluɓi, samari a tsaye. Mai jita zai fara a hankali, a hankali, sai mai ganga ya riƙa ƙara wuta har ka ga 'yan rawa sun shiga fili biyu-biyu, ƙasa na tashi. A nan ake gane gwani, domin a gari akwai ƙungiyoyi da yawa, in ba ka iya ba ba mai sake kiranka. Wannan gudun yatsun da kuke gani a bidiyo, a irin wannan fili aka koye shi, shekara da shekaru. Ka nemi Afelan na 2013, wanda aka ɗauka a Cintabaraden, za ka ji duka biyun, na zaune mai sanyi da na biki mai zafi.

To amma Anar wani abu ne daban a wurinmu. Ina 'yar makaranta lokacin. Waƙoƙin soyayya ne da kewa, irin wanda muke kira assuf. Da dare ni da yayata muna kwance a tsakar gida kan gado ɗaya, salula ɗaya a tsakaninmu, mun rage sauti don kada baba ya ji. Kafin nan, jitar Abzinawa da muka sani ta manya ce, ta Abdallah Oumbadougou da Tinariwen, maganar tawaye da gudun hijira. Sai ga wani yaro ya zo da waƙa cikin harshenmu amma da irin sautin fina-finan Kano da muke kallo kullum. Mun ji abin namu ne, na tsaranmu. Ban san ko wannan ya shiga ma'aunin gwaninta ba, amma ba kowa ya iya yinsa ba.

Basakkwace:
Ƙanwata, kin yi gaskiya, a gahwarce ni. Abzinawa. Haka munka tashi muna ji, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Baba Tsohon Makaɗi:
Yara, na karanta duka. Ni na riƙe jita tun wajen 1979, na yi shekaru ina kiɗa a otal-otal na Jos, yanzu yatsun sun yi nauyi sai dai kunne. Ɗan Rok, ɗana, ka ce ba ka ji hannu a Anar ba. Ka sa abin kunne, ka manta da muryar, ka bi jitar kaɗai. Za ka ji abu biyu na tafiya lokaci guda. Babban yatsa yana dukan tsirkiya mai kauri ba ya fasawa, ita ce ƙasa. Manuni kuma yana zana waƙar a kan siraran. Ba ya amfani da ɗan robar nan da ake kaɗa jita da shi, fatar yatsa ce. Ɗaya hannun kuma da ke kan wuya ba danna tsirkiya kawai yake ba, yana bugunta yana fizgarta, sauti uku huɗu na fita daga kaɗawa ɗaya. Wannan ba daga Turawa aka samo shi ba. Haka ake kaɗa molo, haka Abzinawa ke kaɗa tahardant ɗinsu, haka Haruna Uji ya riƙa yi da gurmi. Abin da ya yi daga baya da jitar lantarki, wannan ɗin ne dai aka ƙara masa wuta da sauri.

Kuma matakan sautin da yake takawa biyar ne, irin na yawancin kiɗanmu. Su ma masu kiɗan bulus na Amurka da rok a kan biyar ɗin nan suka gina gidansu. Shi ya sa da ya shiga rok bai zama baƙo ba.

Na sha zama kusa da marigayi Ɗan Maraya yana wasa. Kuntigi tsirkiya ɗaya ce tak, a kan ɗan gwangwani. Amma in ya ɗauka, zauren gaba ɗaya sai ya yi tsit. Na ga masu jita da yawa da suka fi shi gudun yatsa nesa ba kusa ba, ana ta cin abinci ana hira suna yi. Tun daga lokacin na daina auna makaɗi da sauri. Kuma kar ku manta shi ma Mdou da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a gidan da ba a son kiɗa. Wanda ya fara a haka ya san darajar kowane sauti guda.

Bala Mai Jita:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ka faɗi abin da na kasa faɗa.

Ɗan Rok, tunda ka kawo mutanenka, bari in ƙara maka ɗaya da ka bari. Joe Satriani, wanda shi ya koya wa Steve Vai jita. Faifansa na farko, Not of This Earth, 1986, da katin bashi na banki ya biya kuɗin ɗaukarsa don ba kamfanin da ya tsaya masa. Har Surfing with the Alien na 1987, wanda ya fito da shi duniya, yawancin gangar da ke ciki ta inji ce, saboda kuɗi ba su kai ba. Ban taɓa jin wani ya ce a cire su daga lissafi don ganga ba ta numfashi ba. In Satriani ya yi da inji sai a ce dabara, in an yi a Sakkwato sai a ce waƙar fim. Wannan ne ke ƙona mini rai. Kuma ina ce mu ne ya kamata mu fara kare shi, don fiyano da Auto-Tune ɗin da ke ciki daga situdiyoyinmu suka fito.

Ɗan Rok:
Malam, wannan ta same ni, ban musa ba. Na san maganar gangar Satriani, kuma ban taɓa riƙe ta a kansa ba. Zan duba kaina a nan. Amma ka bar ni da guda ɗaya. A faifan Satriani inji yana bayan jita. A Anar jita ce ke bayan inji. Ko Baba da kansa sai da ya ce in sa abin kunne in manta da murya kafin in ji hannun. Faifan da sai an tono jitar cikinsa, ta yaya zan kira shi faifan gwanin jita?

Ɗalibi a Amurka:
Ina ta bin ku tun safe, bari in sa baki. Na kalli Mdou da ƙungiyarsa ido da ido a 2022, bayan fitowar Afrique Victime na 2021. Su huɗu ne: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganga, da Mikey Coltun, Ba'amurke, a bes, wato jita mai kaurin sauti. Abin da Anti 'Yar Agadas ta kwatanta shi na gani, sai dai babu rairayi. Waƙa za ta fara kamar tafiyar raƙumi, kafin ka ankara mai gangar ya ninka sauri, ƙirjinka na bugawa tare da shi. Na tsaya dab da dandamali, na ga yadda yake shafa tsirkiya da yatsa sama da ƙasa har sautin ya zama kamar guguwa. Wani dattijon Bature kusa da ni, da rigar Van Halen a jikinsa, ya riƙe kai da hannu biyu.

Abin da na lura, jaridun nan suna kiransa Hendrix na Sahara, wato Jimi Hendrix gwanin jitar Amurka, don shi ma bahago ne mai Fender. Kuma gaskiya ne ya kalli bidiyoyin gwanin jitar rok Eddie Van Halen daga baya ya ɗauki wasu dabaru. Amma cikin waɗanda na yi hira da su a wurin, ba wanda ya san Anar. Da na kunna wa abokin karatuna a mota, ya ce ba mutum ɗaya ba ne. Su abin da suke so shi ne hamada, rawani, jita. Sautin Kano da Sakkwato bai shiga hoton da suka zana mana ba. Don haka in mu ma muka ce Mdou na gaskiya ya fara a Detroit, ma'aunin wa muka ɗauka?

Kuma mutanen nan ba su rabu da gida ba. Lokacin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 suna nan Amurka suna yawon wasa, aka rufe iyakoki, suka maƙale ba hanyar komawa. Funeral for Justice na 2024 kuwa duk maganar ƙasa ce da harshe da abin da Faransa ta bari.

Injiniyan Sauti:
Akwai ɓangaren da ba wanda ya taɓa, kuma shi ya fi ci mini rai. Muna ta yabon bulutut da memori. To nawa ya shiga aljihun mai waƙar a shekarun da faifan ke yawo daga Sakkwato zuwa Kidal? Ko sunansa ba a sani ba. Sai da Kirkley ya yi ta cigiya kafin ya same shi. Shi Allah ya yi masa gyaɗar dogo. Saura fa?

Ni kaina na taɓa kwana goma sha ɗaya ina haɗa wa wani yaro waƙoƙi takwas. Babur ɗinsa ya sayar ya biya. Muka ba wani ɗan kasuwa ya saurara don a yi ciniki, kafin sati ya zagayo na ji waƙar tana tashi a shagon mai cajin waya a unguwarmu. Yaron bai samu ko sisi ba, yanzu ɗinki yake. Muryarsa ba ta gaza ta kowa ba. Idan muna ba da labarin Anar, mu riƙa tunawa da irinsa.

Basakkwace:
Injiniya, ba ni musun wanga, don ni ina cikin masu turin. Kuɗin da munka amsa namu ne da na mai, ko kwabo ba ta kai ga mawaƙi ba, kuma lokacin ko a raina ban kawo akwai haƙƙi ciki ba. Yanzu na sani. Abin da zan ce kawai, babu wani shago a wannan lokaci da za ka shiga ka sayi faifan Ba'abzine ko da kana da kuɗin. Ba rediyon da ka sa shi. Mu ne rediyon. Ban hwaɗi haka don in wanke kaina ba, na hwaɗi yadda abin yake.

'Yar Agadas:
Duka biyun gaskiya ne. A wurinmu mawaƙi bai taɓa sa ran kuɗi daga faifai ba, daga biki yake ci. Waƙa in ta yi yawo a salula, ita ke sa a kira ka biki a Arlit ko Tawa. Ko fim ɗin da Mdou ya yi a Agadas, wanda ya fito a 2015, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, labarin ke nan a ciki: gasar masu jita, da uban da ba ya so, da waƙa da ke yawo a waya. Sunan ma yana nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, don an gina shi a kan fim ɗin mawaƙin Amurka Prince mai suna Purple Rain, wato ruwan sama mai launin shunayya, mu kuwa ba mu da kalma guda ta wannan launin. Amma Injiniya, wanda ba ya wasan biki, irin yaronka, shi kam an cuce shi, ba wata magana.

Maman Halifa:
Na gode da amsar ɗazu, na fahimta sosai. Dalilin shigowata nan ma shi ne ɗana. Shekararsa 12, bahago ne. Watannin baya na same shi a bayan ɗaki ya huda gwangwanin madara, ya soka sanda, ya ɗaura wayar birki biyu, yana ta kaɗawa. Da Baba ya ambaci wayar birkin keke sai da gabana ya faɗi. Kawunsa ya kawo masa tsohuwar jita ta katako daga Legas, amma ta masu dama ce, in ya riƙe ta yadda hannunsa ke so sai tsirkiya mai kauri ta koma ƙasa. Kakarsa kuma ta ce a tilasta masa dama. Baba, me ya kamata in yi? Sharaɗina dai ɗaya ne, ba ya taɓa ta sai ya dawo daga islamiyya ya yi aikin gida.

Baba Tsohon Makaɗi:
'Yata, sharaɗinki ya yi, ki riƙe shi. Ki gaya wa kakarsa da ladabi cewa abinci da gaisuwa da dama ne, wannan ba a taɓa shi. Jita kuwa hannu biyu take ci, ko ta wane gefe ya riƙe duka suna aiki. Kada a tilasta masa.

Gyaran ba wuya. A kwance tsirkiyoyin shida a mayar da su a juye, mai kauri ta koma inda siririya take. Sai dai akwai ɗan farin ƙashi a saman wuya mai tsaga shida, kowace tsaga daidai kaurin tsirkiyarta. In ba a canza shi ba, mai kaurin ba za ta zauna a tsagar siririya ba, siririyar kuma za ta yi ta rawa a babbar tsaga tana zuza. A cire shi a sa na bahago, ko mai gyara ya sassaƙa sabo. Na ƙasan kuma, wanda ke kan cikin jitar, a ɗan karkace yake, don haka in yaron ya hau can saman wuya zai ji sauti ya ɗan kauce. Ga mai koyo ba komai, shekara biyu bai isa can ba. Haka Hendrix ya yi da tasa. Kuma kada ki yar da gwangwanin nan, ki adana masa.

Ɗan Rok:
Baba, na yi abin da ka ce. Na sa abin kunne na ji Tahoultine sau uku, na bi jitar kaɗai. Babban yatsan yana nan yadda ka faɗa, bai tsaya ba ko sau ɗaya, na ɗauko tawa na gwada bi, na kasa haɗa shi da manuni. Har yanzu in aka ce in ba baƙo faifai ɗaya, Ilana zan ba shi, kuma har yanzu ina ganin injin ya danne abin da bai kamata ya danne ba. Amma na janye kalmar share fage.

Maman Halifa, ina da tsirkiya sabbi saiti ɗaya masu laushi, irin na masu koyo, ban buɗe ba. In kina Abuja ko kina da mai zuwa, ki yi mini magana ta akwatin saƙo.

Bala Mai Jita:
Hajiya, in kuma Kaduna ta fi miki kusa, ki aiko da jitar ranar Asabar bayan azahar, zan canza ƙashin da kaina. Ki haɗo da yaron, ina son in ga yadda yake riƙe ta kafin in taɓa komai.